Gawar Mista Dobbs

Hedley Ormerod ya sha mutuwa a talabijin har shi kansa ya daina ƙirgawa. An harbe shi a ƙofar banki, an zuba masa guba a shayi, an tsamo shi daga kogi, akwai ma ranar da agogon bango ya faɗo masa a ka. A zamanin ƙuruciyarsa, in darakta na neman wanda zai kwanta a tsakar falo 'yan sanda su tsaya a kansa suna shawara, sunan Hedley ne ke fara faɗo masa a rai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, mutumin ya iya riƙe numfashi. Ƙirjinsa ba ya ɗagawa, fatar idonsa ba ta rawa, ko ƙuda ne ya sauka masa a hanci sai dai ya gaji ya tashi don kansa. Wasu 'yan wasa na tinƙaho da lambobin yabon da aka ba su a London. Shi nasa tinƙahon ɗaya ne: babu daraktan da ya taɓa cewa a sake ɗauka don gawa ta motsa.

Ba da wannan ya so yin suna ba. Yana saurayi ya bar shagon takalman ubansa a Halifax, ya bi wata ƙungiyar wasan daɓe da ke zagaya garuruwan bakin teku, yana share dandali da safe, da yamma ya riƙe mashi a bayan sarki. Masu fim sun ɗan taɓa shi. Ya fito a soja na uku daga hagu, ya kuma fito a direban tasi mai magana ɗaya, ita ma aka yanke rabinta. Sai da uwarsa ta je silima sau biyu kafin ta gan shi, don a zuwan farko ta sunkuya ɗaukar safar hannunta, kafin ta ɗago ya wuce.

Sai ga Titin Masaƙa, shirin nan mai dogon zango da ake nunawa bayan cin abincin yamma. Aka ɗauke shi ya fito a Mista Dobbs mai shagon kifi da soyayyen dankali, aka ce na 'yan watanni ne. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya a bayan kantar nan. Gashinsa ya zube a gaban jama'ar ƙasa, tumbinsa ya fito a gabansu, kuma duk tsawon lokacin mace ɗaya ce ke tsaye a gefensa tana naɗe kifi a takarda tana yi masa tsiya: Avril Pennock, wato Misis Dobbs.

Masu kallo sun ɗauki auren nan da gaske. In ya shiga kasuwa da Beryl, matarsa ta gida, tsofaffin mata sai su bi ta da harara, wata ma ta taɓa tare shi a layin burodi ta ce ya ji kunya, mace irin Misis Dobbs na shago tana fama shi yana yawo da wata. Beryl ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce da matar, “Baiwar Allah, in tana so ta zo ta ɗauke shi da minsharinsa, ni zan biya mata kuɗin mota.”

A bayan kyamara kuwa, Hedley da Avril ba su taɓa yin yini guda ba su yi cacar baki ba. Ita ta yi karatun wasa a babbar makaranta, kuma ba ta bari kowa ya manta. Shi kuma duk ranar da aka rubuta Mista Dobbs zai sumbaci matarsa, sai ya zauna ya cinye albasa mai tsami kwalba guda. Tana ce masa tsohon banza, yana ce mata ranki ya daɗe. Sababbin ma'aikata kan tsorata a makon farko, kafin su gane cewa da haka mutanen nan biyu ke gaisawa.

Mutuwar Mista Dobbs shi Hedley ne ya roƙe ta da bakinsa. Gwiwoyinsa sun gaji da tsayuwa a bayan kanta, ga ɗan lambunsa na bayan layin dogo ciyawa na neman cinye shi, ga kabewar da yake son kai wa gasar gari maƙwabcinsa na kayar da shi duk shekara. Ransa fes ya je ofis ya ce a kashe shi. Marubuta suka ba shi ciwon zuciya, da gadon asibiti, da mutuwa cikin mutunci. Bai taɓa samun mutuwa mai daɗi haka ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, kuma ko Beryl bai gaya wa ba sai daga baya.

Tun hunturun bara waccan hadda ta fara kufce wa Avril. Ba duka ba. Tana tsakiyar magana sai ka ga idonta ya ɗan yi fari-fari, kamar wadda ta shiga ɗaki ta manta abin da ya kawo ta. Kan zaren kawai take rasawa, da an miƙa mata shi sauran sai ya biyo. Ranar da ya fara gani, Hedley ya ɗauki gwangwanin gishiri ya girgiza, domin maganarta ta gaba a kan gishiri ce, sai ta cafke ta ci gaba. Washegari a ɗakin kwalliya, ba tare da ta dube shi ba, ta ce wa madubi, “In ka ja kunnenka, maganar yaron nan ce. In ka dubi agogo, ta haya ce.” Shi ma ya ce wa nasa madubin, “To, ranki ya daɗe.” Haka suka ci gaba kowace safiya, su tsara alamomin ranar kamar masu shirya sata. Masu kallo har rubutowa suka yi suna yabon Mista Dobbs da sabuwar ɗabi'arsa ta jan kunne.

Yanzu ga shi zai tafi. Ga kuma sabon furodusa da aka turo daga London, wani mai suna Rupert Vane, yaro mai fara'a da ke murmushi yana rage tsofaffi daga shirin ɗaya bayan ɗaya. Hanyarsa sananniya ce, sai a wayi gari an rubuta cewa wance ta koma Spain wurin 'yar'uwarta. Ya faɗa a fili cewa zai duba fitowar mutuwar nan kafin ya yanke shawara: ko gwauruwar Dobbs ta ci gaba da riƙe shagon, ko ita ma a tura ta Spain shan rana. Avril ba ta da lambu, ba ta da Beryl. Kyanwa gare ta da wani ɗan gida a hawa na biyu, sai Titin Masaƙa. In ta tsaya cak a gaban Rupert yau, ta gama.

Da safen Beryl ta miƙa masa kwat ɗinsa a bakin ƙofa, ana ɗan yayyafi.

“Ka mutu da kyau, maigida. Kada ka ba ni kunya a gaban maƙwabta.”

“Yaushe na taɓa ba ki kunya a mutuwa?”

“A raye ne dai kake ba ni. Ka dawo da wuri, na gasa naman rago.”

Ɗakin ɗaukar shirin tsohuwar masaƙa ce a bayan gari. An kafa ɗakin asibiti a lungun da aka saba ajiye kwandunan dankalin ƙarya. A ɗakin kwalliya ya tarar da Avril an riga an ɗaura mata gashin Misis Dobbs, tana riƙe da kofin shayin da ya huce.

“Ga gawa ta iso,” in ji ta. “Ka ci albasar taka?”

“Yau na yafe miki. Mamaci ba ya wari.”

“Kai kam za ka yi.”

Mai kwalliya ta fita ɗebo hoda. Avril ta rage murya.

“Maganar yau doguwa ce, Hedley. Jiya na iya ta tsaf a gaban kyanwa. Yau da na farka sai tsakiyarta ta ɓace.”

“Gida uku ce kawai. Haɗuwarmu a gidan rawa, gobarar shago, sai maganar wa zai riƙa kunna miki murhu da asuba. In an juyo da kyamara kanki ina nan tsaye a gefenta. Na taka ƙafa, rawa. Na hura yatsa, gobara. Na murɗa hannu, murhu.”

“In kuma suka kore ka gida? Sun sayi kek na sallamarka.”

“Wa ya taɓa korata daga gefen kyamara?”

Gaskiya ya faɗa. A sana'ar nan in an gama ɗaukar fuskarka aka juya kan abokin wasanka, ba dole ba ne ka tsaya. Manyan taurari motarsu suke shiga, a bar abokin wasan yana zuba kuka a gaban ɗan gicciyen da aka manna a jikin katako, wata ma'aikaciya na karanto masa amsa da muryar mai sanar da tashin jirgi. Hedley bai taɓa yin haka ba. A aikinsa na farko a talabijin, yana ɗan sanda mai magana biyu, wata babbar 'yar wasa da ta kusa jika da shi ta tsaya a gefen kyamara cikin sanyi, ƙafafunta a kumbure, ta dube shi ido cikin ido har ya gama maganarsa biyun. Da ya yi mata godiya ta ce masa ba alfarma ba ce, aikin ke nan. Tun daga ranar ya riƙe.

Nasa ɓangaren bai ba da wahala ba. Aka shafa masa hoda har ya yi fari fat, ya kwanta, ya faɗi maganarsa ta ƙarshe, wai a tuna a sauya man suya ranar Alhamis, ya saki kai gefe. Daraktar, Tamsin Achebe-Lowe, yarinya mai kuzari da ba a haife ta ba lokacin da aka fara shirin, ta ce a tsaya, ya yi. Mataimakinta ya ɗaga murya kamar yadda aka saba.

“Jama'a, wannan ce fitowar ƙarshe ta Baba Hedley a Titin Masaƙa!”

Aka ɗauki tafi. Masu fitila suka sauko daga tsani, masu kaya suka fito daga lunguna, aka turo kek mai siffar kifi. Hedley ya zauna a bakin gado da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, yana kare mutuncinsa da hannu ɗaya yana gaisawa da ɗayan. Daɗi ya ji har cikin ransa, ba kuma ya ɓoyewa. Rupert ya zo ya rungume shi, ya ce masa tarihi ne shi, sa'an nan ya ja kujera ya zauna a gaban ƙaramin allon da ke nuna abin da kyamara ke gani. Bai saba zama ba. Yau ya zauna.

“Baba, mota na jiranka,” in ji Tamsin. “Sauran fuskar Anti Avril ce kawai. Za mu sa filo ta riƙa kallo.”

“Filo? Shekara ashirin tana yi mini tsiya, yau da za ta faɗi alherina sai a ba filo? Ina nan, 'yata. A gefen kyamara zan tsaya.”

Tamsin ta yi dariya. Sai ta tsaya tana kallonsa, ta dubi gadon, ta dubi tagar ƙarya da hasken ke shigowa ta cikinta. Hedley ya san irin kallon nan, kuma bai taɓa ganin ya haifar da alheri ba. Kallon darakta ne da dabara ta faɗo masa.

“Tunda kana nan, kuma ba a goge maka hoda ba... Gethin, zo ka gani. Me zai hana mu ɗauke su tare? Shi a gaba kwance, fuskarsa da ƙirjinsa da hannuwansa duk a ciki, ita a bayansa. Ɗauka ɗaya, babu yankewa, tun daga farko har ƙarshe. Baba, ka iya riƙe numfashi har yanzu? An ce a zamaninku babu kamarka.”

Gethin Prys mai kyamara, wani ƙaton mutumin Wales da ba ya magana sai dole, ya leƙa ta gilashi ya ce zai yi kyau.

Me Hedley zai ce? Ya ce gwiwa, a kwance zai yi. Ya ce numfashi, ya zubar da sunan da ya yi shekara arba'in yana tarawa, kuma ba wanda zai yarda. Ya faɗi gaskiya, Rupert na zaune taku kaɗan daga wurin. Da ya bi mota ya tafi gida ma da ya fi, aƙalla da za a ɗauka guntu-guntu, in ta tsaya a yanke a sake. Kirkinsa ne ya jawo mata wannan. Ya saci kallon Avril. Tana gyara maɓallin rigar sanyinta, fuskarta ba ta nuna komai ba, amma yatsunta sun kasa samun ramin maɓallin.

“Kwanta mana, tsohon banza,” ta ce. “Ko sai an kawo maka liman... ko fada, ko wa kake jira?”

Ya kwanta. Aka haɗa masa hannuwa a kan ƙirji, aka ja bargo, aka gyara masa 'yan gashin da suka rage. Ya rufe ido. Ya ji ɗakin na yin tsit, irin shirun da ya fi so a duniya, na mutum talatin da suka daina motsi saboda abu ɗaya. Ya ja numfashi ya cika ciki, ba ƙirji ba, ya sake shi sannu-sannu ya tsaya.

“A fara,” in ji Tamsin.

Avril ta shiga da kyau. Gidan rawa, takalmin da ya taka mata, ƙaryar da ya yi mata cewa shagon nasa ne alhali yaron shago ne. Muryarta a sake, har da 'yar dariyar nan ta Misis Dobbs da rabin ƙasar ke iya kwaikwayo. Hedley ya ɗan saci iska ta hanci, kaɗan ƙwarai, daidai lokacin da ya san ido na kanta. Ta kai ƙarshen rawar. Saura gobara.

Shiru.

Ya san shirun wasa, ya san ɗayan. Wannan ɗayan ne. Yana jin numfashinta a saman kansa yana gajarcewa. Kalmar na bakinsa, gobara, kalma ɗaya tak. Yatsansa ma kawai ya ɗaga zai iya isa. Amma yatsan na tsakiyar hoto, a kan allon da Rupert ya zura wa ido. Gawa ta motsa, a tsaya, a tambayi dalili, a sake ɗauka, ta sake tsayawa a wuri ɗaya, kowa ya gane. In kuma bai motsa ba, ya bar ta ita kaɗai a cikin rami. Tunda yake bai taɓa jin tsanar gwanintarsa ba sai yau.

Shirun ya yi tsawo. Ya ji takardu sun motsa a hannun mai bin rubutu, tana shirin jefo kalmar da ƙarfi. Ya ji kujerar Rupert ta yi ƙara.

Sai Avril ta yi magana, da wata murya da ba ta Misis Dobbs ba, ƙasa-ƙasa, irin ta ɗakin kwalliya.

“To, faɗa mini mana.”

Ba wanda ya ce a tsaya.

“Me ke biye? Kai ne kullum kake faɗa mini. In na ɓata sai in dube ka, ka ja wannan kunnen naka, in gane inda nake.” Ta ja hanci. “Ka kwanta ka yi shiru abinka. Ka ce ka gaji, ƙafa na ciwo. Ni ba na gajiya ne? Ka tambaye ni kafin ka tafi? Tsohon banza. Gobe in na tsaya a bayan kantar nan na juya, wa zan gani?”

Ƙirjin Hedley ya fara zafi. Iskar da ya tanada ta ƙare tun ɗazu, kunnuwansa na ƙara, wani abu kuma na taruwa a bayan fatar idonsa wanda bai taɓa damun sa a mutuwar baya ba. In hawayen nan ya gangaro, an gama. Ya tattara duk abin da ya koya a tsakar falo da bakin kogi da teburin likitan gawa, ya danne. Abin da zai iya yi mata ke nan yanzu, ya mutu sosai.

Ya ji hannunta a goshinsa, tana gyara masa gashi.

“Ban iya ba in babu kai,” ta ce. “Amma zan buɗe shagon. Ka ji? Zan buɗe. Ko murhun ma zan koyi kunnawa.”

Murhu. Ta tsallake gobara ta faɗo kan murhu da kanta, daga nan sauran maganar marubuta ta biyo tiryan-tiryan har ƙarshe. Ta sunkuya ta sumbaci goshinsa. Tamsin ta bar kyamara na gudu, ta bar ta, ta ƙara barin ta, kamar ba ta san akwai dattijo na shirin mutuwar gaske a kan gado ba.

“A tsaya,” ta ce a ƙarshe.

Hedley ya zabura ya zauna yana haki yana tari kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ba a yi tafi nan da nan ba. Mai bin rubutu na share ido da gefen takarda. Rupert ya taso, hancinsa ja, ya kama hannun Avril da hannu biyu.

“Anti, wannan maganar ta jan kunne, ke kika ƙara? Ba ta cikin rubutu.”

“Wani lokaci abu kan zo wa mutum, ɗana,” in ji Avril, ta ɗaga haɓa irin ta 'yan babbar makaranta.

“Ba za a taɓa ko kalma ɗaya ba. Kuma shagon nan naki ne. Ina da labarai a kaina na shekara guda, gwauruwa ita kaɗai da murhu... kai, sai mun zauna.”

Da Rupert ya juya, Avril ta zauna a bakin gadon. Ta ce, ba tare da ta dubi Hedley ba, “Da ka motsa da na kashe ka da gaske.”

“Saura ƙiris ki huta da wahalar.”

“Na ga kunnenka ya yi shuɗi.” Ta juyo ta dube shi. “Ba wasa nake yi ba ɗazu, ka sani.”

“Na sani, ranki ya daɗe.”

Ya je ya sa kayansa, ya goge hodar, ya karɓi ragowar kek a kwali. Murna yake yi, amma murnar da sauranta, don ranar Litinin za ta tsaya a bayan kanta ta juya, kuma tambayar da ta yi tana nan ba amsa. A bakin ƙofar fita ya tarar da Gethin na naɗe waya. Ƙaton ya dube shi, ya ɗaga hannu a hankali ya ja kunnensa. Sa'an nan ya dubi agogon hannunsa. Sa'an nan ya girgiza gwangwanin gishirin da babu shi.

Hedley ya tsaya da kwali a hannu.

“Tun yaushe?”

“Tun gishiri,” in ji Gethin. “Ni ke leƙa gilashin nan, Baba. Ka ɗauka don kyanka nake matso da hoto duk sanda ka kai hannu kunne? Don ya zama kamar da gangan ne.” Ya ci gaba da naɗe wayarsa. “Kullum ina gefen kyamara, idon Anti Avril ba ya wuce ni, zan iya karɓar aikin nan naka. Sai dai ban san yadda kuke tsarawa ba.”

“Da safe, a ɗakin kwalliya. Kada ka dube ta, madubi za ka yi wa magana. Kuma za ta zage ka.”

“Matata ma na zagina.”

Hedley ya ɗan ji haushi, ba za a ɓoye ba. Shekara biyu yana ganin kansa gwanin sirri, ashe ana kallonsa ta gilashi kamar kifi a kwalba. Amma haushin bai kai mota ba.

Ranar da aka nuna mutuwar Mista Dobbs, wata Laraba ce bayan ya kwashe albasarsa daga lambu. Beryl ta gayyato Avril, ta ce ba a kallon irin wannan da kyanwa. Suka zauna su uku a doguwar kujera, shi a tsakiya, matarsa ta gida a dama, ta talabijin a hagu, faranti na biskit a cinyarsa. Beryl ta yi kuka har ta jiƙa hannun rigarsa. Avril kuwa ta kalli allon da idon mai duba aikin ɗalibi.

“Hancinka ya motsa,” ta ce.

“Ƙarya kike yi.”

“Ya motsa. Beryl, ba ki gani ba?”

“Ni ban ga komai ba, ku bar ni,” in ji Beryl tana fyace hanci.

Da aka gama, Avril ta jawo jakarta ta zaro takardun mako mai zuwa. Ta ce Gethin na ƙoƙari, sai dai in ya ja kunne kamar mai cire ƙaya yake yi, kuma hadda ba ta zama sai da abokin karatu. Ta jefa masa takardun a cinya, kan biskit.

Hedley ya sa tabarau ya duba. Wani sabon mutum marubuta suka kawo, mai kawo wa shagon dankali, gwauro, mai zaƙin baki. Ya karanta layin farko a zuci, ya ɗago.

“Wane ne wannan kuma? Ko wata uku ban yi a ƙasa ba!”

“Karanta, tsohon banza. Mamaci ba ya kishi.”

Beryl ta tashi ɗora wani shayin. Hedley ya gyara zama, ya gyara murya, ya fara yi wa matarsa ta talabijin zance da bakin wani. Ta amsa layi na farko, ta amsa na biyu. A na uku ta tsaya, idonta ya ɗan yi fari-fari, ta juyo ta dube shi.

Yana nan. Ya kai hannu ya ja kunnensa.